Otal ɗin da ba a shiga da yara: abin da na gani a Zanzibar

Tunda muka dawo daga Zanzibar, wani tsibiri na ƙasar Tanzaniya, tambaya ɗaya ake ta min, a gidan biki, a islamiyya, har a bakin makaranta wajen ɗauko yara: wai da gaske inda kuka sauka ba a shiga da yara? To in babu yara me ake yi a ciki? Kuma duk mai tambayar sai ta ɗan rage murya. Wata Anti da nake ganin girmanta a nan Agege ita ko ɓoye-ɓoye bata yi ba, tace min "Ke 'yar nan, irin wuraren nan ai na 'yan duniya ne, me ya kai matar aure da hijabinta?" Ban ji haushinta ba wallahi, don duk wanda bai taɓa zuwa ba in yaji ance waje na manya zalla abin da zai fara zuwa ransa kenan.

Toh dokar dai ta shekaru ce kawai. Wani otal ɗin sai mutum ya kai 16 za su karɓe shi, wani kuma 18, kuma abin da suke sayarwa da wannan dokar shine shiru. Babu guje-guje a wajen cin abinci, babu yaron da zai faɗa ruwa hankalin kowa ya tashi, babu kuka da tsakar dare daga ɗakin maƙwabta. Mutanen da muka tarar yawancinsu amare da angwaye ne daga ƙasashen Turai da tsofaffi 'yan fansho, miji da mata kai duk furfura suna kwance a inuwa kowa da littafinsa, wani lokacin sai kiyi awa guda baki ji an ɗaga murya ba.

Mu abin da ya kai mu, duk macen da ke aure a Legas zata gane shi ba sai na ja da nisa ba. Maigidana kayan gwari yake yi a kasuwar Mile 12, motocin tumatir da tattasai da albasa daga Arewa cikin dare suke shigowa, don haka sau da yawa kafin a kira asuba ya fita, dawowa kuma sai abin da gosulo ya ce, wataran bayan isha'i, ya shigo wayarsa na ta ƙara ga direba ya maƙale a hanya ga mai kaya yana neman kuɗinsa. Ni kuma ga shagon atamfa da leshi, ga zuwa Balogun saro kaya, ga yara ga aikin gida ga ƙarar janareton maƙwabta har gari ya waye. Ba faɗa muke ba Alhamdulillah, amma sai na wayi gari na ga hirarmu gaba ɗaya ta koma kuɗin makaranta, gas ya ƙare, mai gida ya ƙara haya, wane ba lafiya a gida a tura kuɗin magani. Mutumin da a da muke raba dare muna hira ya zama sai dai mu yi wa juna rahoto. Wannan abin ya daɗe yana cin raina, kuma na san ba ni kaɗai bace.

Wasu sun ce min ai ga teku nan a Legas me ya kai ku wata ƙasa. Gaskiya ne akwai, amma ku duba fa. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari yanzu an cike wajen an yi sabuwar unguwar Eko Atlantic, bakin tekun Landmark kuma a 2024 aka rushe wani ɓangarensa saboda titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba. Sauran irin su Elegushi ki biya kuɗin shiga ki tarar da kiɗa daga ko'ina har ƙirjinki na bugawa, ruwan kuma Atlantika ne, igiyarsa ba ta wasa, ni dai ban taɓa yarda ya wuce min idon sawu ba. Tarkwa Bay ya fi lafawa amma sai an shiga kwalekwale, kuma duk inda kika je da yamma dai gida zaki dawo, wayar oga bata daina ƙara ba.

Wanda ya fi wuyar shawo kai ba shi bane, Hajiya ce, surukata. Da muka je mata da maganar ta daɗe bata ce komai ba, can tace "Yanzu kuɗin nan da za ku zubar a bakin ruwa ba gara ku ƙara ku tafi Umara ba?" Ni dai kaina a ƙasa. Shi ne yace "Hajiya Umara tana nan insha Allahu, wannan hutawa kawai za mu yi, kuma garin Musulmi ne." Ta juyo tace min "Ke kuma zuciyarki zata iya barin yaran?" nace "Hajiya ai a hannunki zan bar su, sun fi samun gata ma." Tayi murmushi tace Allah ya tsare hanya. Ƙanwata ta zo ta tare a gidan don kai su makaranta, shikenan aka rufe wannan babin.

Maganar kuɗi kuwa ba zan ɓoye ba, da tsada, kuma ba rana ɗaya muka tashi muka ce mun tafi ba. Adashe na shiga musamman saboda tafiyar, da kwasata ta zo na haɗa da abin da ya ware. Amma a nan ne tsarin biya ɗaya ya min daɗi, wato ki biya kuɗin ɗaki da abinci sau uku da abin sha da ɗan abin taɓawa na tsakanin abinci duk a dunƙule tun kina gida. Ga wanda da naira yake samun kuɗinsa wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali bane, don babu abin da ke ɓata hutu irin ki zauna gaban abinci kina lissafin dala nawa ne, in an juya naira nawa kenan, har abincin ya fita ranki. Sai dai a karanta da kyau kafin a biya. Wani lokacin farashin da za ki gani na mutum ɗaya ne a dare ɗaya, ba na ɗakin ba. Tausa, wanki, fita yawon gari ko shiga jirgin ruwa duk daban ake biya, wani wajen har motar da zata ɗauko ku daga filin jirgi, akwai kuma ɗan harajin gwamnati na kowane dare da ake karɓa a otal ɗin. Ku tambaya a rubuce, ku ajiye amsar a waya.

Takardu su ne suka fi cin lokaci. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, ta intanet ake nema tun da wuri a jira sai sun amince, don haka kar a yanki tikitin da ba a canza masa rana kafin biza ta fito. Tun watan Oktoban 2024 kuma duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorarsu ta dala 44, ko da yana da wata. Ga katin rigakafin shawara, shi ma a riƙe shi a jakar hannu. Daga Ikeja muka tashi, wajen awa biyar zuwa Addis Ababa, muka yada zango, sannan wani jirgin ya ƙarasa da mu. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Otal ɗinmu a can arewacin tsibirin yake wajen Nungwi, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota daga filin jirgi. Muna isa aka miƙo mana tawul mai sanyi da ruwan kwakwa, aka ɗaura wa kowa wani abin hannu na roba wanda ba a cirewa sai ranar tafiya, shi ne shaidar ka biya, duk inda ka zauna aka kalli hannunka sai dai a tambaye ka me za a kawo. Na ga hotuna kafin mu je amma gani ya kori ji. Ruwan nan kala-kala ne, na bakin gaɓa garai-garai kina hango yatsun ƙafarki da ƙananan kifaye suna wucewa, gaba kaɗan ya koma kore-kore, can ciki kuma shuɗi sosai, yashin fari tas da laushi kamar garin fulawa. Kuma ruwan a kwance yake, babu wannan rurin na tekun Legas. Abu ɗaya da ya kamata mai zuwa ya sani, a gabashin tsibirin irin su Paje da Jambiani ruwan janyewa yake yayi nisa sosai na wasu awanni kafin ya dawo, har mata su shiga su yi aikin ciyawar teku da suke nomawa, to in iyo kike so a kowane lokaci Nungwi da Kendwa sun fi, nan janyewar kaɗan ce, ga shi rana a kan ruwa take faɗuwa.

Yanzu ga abin da na san shi ake so a ji. Eh akwai giya, kuma tana cikin kuɗin da kika biya ko kin sha ko baki sha ba, wannan kam har yau yana min ciwo, da akwai farashi daban na marasa sha da ya fi adalci. Muna shiga ɗaki oga ya buɗe ɗan firij ɗin ya ga kwalabe, ya kira risefshan yace a zo a kwashe, cikin 'yan mintuna aka kwashe aka cika mana da ruwa da lemo, ba wanda ya kalle mu wani iri. Eh kuma akwai tsiraici, Turawa da kayan wankansu a bakin ruwa haka za ki gan su, babu yadda za a yi a ce babu. Wanda ya san zuciyarsa ba zata ɗauka ba gaskiya kar ya je, ban ga laifinsa ba. Mu dai mun nemi can ƙarshen gaɓar inda ba cunkoso muka mayar da shi wajen zamanmu, wajen shan giyar da inda ake kiɗan dare kuma ko hanyar bamu bi ba, muka roƙi ɗaki mai nisa da wajen aka bamu.

Abin da ya sauƙaƙa komai shine mutanen Zanzibar kusan dukkansu Musulmi ne, ma'aikata da yawa suna ganina da hijabi sai sallama, fuska a sake. Wata yarinya mai kula da teburinmu tun ranar farko ta ɗauke ni kamar yayarta, in na ɗauki faranti sai ta biyo ni a hankali tana nuna min, wannan miyar an sa giyar inabi, wancan kek ɗin ma akwai, ga inda ake ajiye naman alade can gefe da cokulansa daban. Wannan a riƙe shi da kyau, ba naman kaɗai ake tambaya ba, har miya da kayan zaƙi. Sauran kuwa sai wanda ya gaji: kifi gasasshe da aka kamo ranar, jatan lande manya-manya, shinkafar pilau mai ƙamshin kanumfari da kirfa, miyar kwakwa, mangwaro da abarba da gwanda. Yajina na tafi da shi a 'yar roba don barkononsu bai kai namu ba, har mai gasa kifin ya ɗanɗana yace in bar masa saura.

Sallah ma akwai abin da ya bani mamaki. Mu tun tasowa gabas muka sani, to a can alƙibla arewa take kusan sak, saboda tsibirin yana kudu da Makka ne kai tsaye. Oga ya duba manhajar waya ya ƙi yarda, sai da ya tambayi wani ma'aikaci ya tabbatar masa, ranar Juma'a kuma shi wannan bawan Allah ne ya raka shi masallacin cikin gari.

Iyo kuwa na yi, da kayana masu rufe jiki har kai da na saya tun a Legas. Bayan sallar asuba gari ya ɗan yi haske lokacin babu kowa, masu shan giyar dare duk suna barci, sai masunta can nesa da jiragensu na katako masu tafiya da iska. Ruwan da ɗumi ko da sassafe. Ban iya iyo ba don haka iya ƙirji na tsaya, yana riƙe da hannuna yana cewa in saki jiki ruwan zai ɗauke ni, ni kuma ina cewa "Abban yara kar ka sake ni fa", muna ta dariya mu kaɗai. Rabon da inji yayi irin wannan dariyar har da ƙyaƙyatawa na manta.

Amma in za a tambaye ni me kuɗin nan ya saya mana, hira ce. Kwanakin farko ma bamu iya ba. Mu zauna a tebur abinci da zafinsa, babu mai cewa Umma ruwa, babu wanda zan bai wa a baki, babu wanda ya zubar da miya, sai muka rasa abin cewa, shi yana laluben waya ni ina tunanin ko an yi wa ƙaramar wanka. Daren farko kuka nayi sosai bayan mun yi kiran bidiyo na ga ta ƙi kallona ta ɓoye fuska a jikin Hajiya, har nace masa anya bamu yi ganganci ba. Shi ya lallashe ni, washegari kuma da kansa ya kashe wayar kasuwa ya jefa a durowa ya bar wa yaronsa komai. Daga nan ne bakin ya fara buɗewa. Wata yamma muna zaune ƙafafunmu cikin yashi ya fara bani labarin wata asara da yayi shekarun baya, mota guda ta tumatir ta lalace a hanya kayan suka ruɓe, ya ci bashi ya rufe bai taɓa faɗa min ba, wata da watanni yana biya, lokacin nan kuwa ina ta fushi a raina ina ganin ya canza min ya daina sakin fuska. Yace "Ban so in ɗora miki ba, kina da ciki lokacin." Ni ma na faɗa masa abubuwan da na daɗe ina haɗiyewa, kewar gida, yadda rasuwar Babanmu ta same ni ina nan Legas ban samu ganinsa ba, da yadda nake so in koma karatu ko na ƙarshen mako ne. Bai katse ni ba har na gama. A gida wannan maganar ba zata taɓa kaiwa ƙarshe ba, ko an ƙwanƙwasa ƙofa ko NEPA sun ɗauke wuta ko wani ya farka. Shi yasa nake ganin dokar hana yaran nan ba ƙin yara bace, ni da na bar nawa ina kuka na fi kowa sanin haka, amma da 'ya'yan wasu na ta kai-kawo a gabana da hankalina ba zai taɓa barin gida ba.

Inda tsarin biya ɗaya yake da illa shine yana ɗaure mutum a cikin katanga. Tunda kin riga kin biya abincin rana sai kiji kamar asara ce ki fita ki ci a waje, akwai waɗanda muka gani har suka tafi basu taka ƙofar otal ba, sun zo Zanzibar basu ga Zanzibar ba. Dan Allah in kun je ku fita. Mun je tsohon garin da ake kira Stone Town, lunguna ƙanana da mota bata shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, masallatai kusa da kusa, mata da baƙaƙen abaya yara da allunan zamani suna dawowa daga madarasa. Mai yi mana jagora ya bamu tarihi, yadda Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa nan wajajen 1840, yadda kanumfari ya ɗaga garin, da juyin juya halin 1964 wanda bayansa a shekarar aka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ya kai mu inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, yanzu coci ne a wajen, muka sauka wasu ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa masu duhu da rufi ƙasa-ƙasa ko miƙewa sosai ba a yi. Na fito jikina a sanyaye, ranar ban iya cin abincin kirki ba.

Gonar kayan ƙamshi kuwa duk macen da ke shiga kicin ya kamata ta gani. Shekara da shekaru ina jefa kanumfari a kunun aya da zoɓo ban taɓa sanin toho bane na fure da ake tsinka kafin ya buɗe a shanya ba, kirfa kuma ɓawon bishiya ce, a gabana yaron da ke zagayawa da mu ya ɗan fere da wuƙa ya miƙo min, ganyen ma ƙamshi saiwar ma ƙamshi. Masoro kuwa yaɗo yake yana hawa jikin wata bishiyar. A kasuwar Darajani na yi tsarabar su, a can ya fi araha kan shagon cikin otal nesa ba kusa ba, kuma a yi ciniki sosai.

Akwai abin da ya tsaya min a rai kuma. Bayan katangar otal ɗin nan ƙauye ne na talakawa, titi ba kwalta, yara ba takalmi, mata na ɗiban ruwa a jarka, a ciki kuma sai kiga mutum ya cika faranti ya ci loma biyu ya tashi an kwashe an zubar, don kawai an ce ya ci iya cinsa. Almubazzaranci ne ƙiri-ƙiri kuma haramun ne ko an biya. Mu dai kaɗan-kaɗan muke ɗiba in bai isa ba a koma. Kuma ku ware wani abu na ma'aikata, masu gyaran ɗaki da masu ɗauke kwanuka, a basu hannu da hannu, ba ya cikin biya ɗayan nan kuma su ne ke tsaye tun safe har dare.

Lokacin zuwa a kiyaye watan Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi, shi yasa za ki ga farashi ya faɗi a lokacin, Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗin yanayi, ƙarshen Disamba kuma tsada ce tsagwaronta. In da azumi ne ma a sani garin na azumi ne, cikin gari ba a cin abinci a fili da rana. A tafi da maganin sauro, da hula mai faɗi, da silifas na roba saboda ƙayar teku in za a taka cikin ruwa, leda kuma an hana shiga da ita Tanzaniya tun 2019, a zuba kaya a jakar yadi.

Yayata da ta fi kowa yi min tsiya kafin mu tafi yanzu ta karɓi hannu biyu a sabon adashenmu. Ita Gambiya take hari, tace ba zata iya jiran biza ba, can kuwa ƙasar ECOWAS ce fasfonmu kaɗai ya isa, ga shi nan Yammacin Afirka, su ma yawancinsu Musulmi ne kuma akwai irin waɗannan otal ɗin a bakin teku. Mijinta ne har yanzu yake cewa shi ba zai bar shago ba, mun dai haɗa shi da Abban yara su yi maganar su ta maza, yaransu kuma na riga na ce a kawo min su in lokacin yayi.